Giyabos Ɗaya Daga Gawa Uku

Ranar da giyabos ɗin motar Baba ya mutu, saura kaɗan a dafa shinkafar biki a gidanmu na Jos Jarawa. Mama ta yi salati da baki, amma na ga yadda ta yi saurin juyawa wajen murhu don kada a ga haƙoranta. Yayanmu ya bugo waya daga Abuja yana jaje da muryar wanda aka yi wa albishir. Ni kuwa ban wahalar da kaina da munafunci ba, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Shekara biyu ke nan muna neman hanyar raba Baba da makullin motar nan. Ya yi tuƙin haya tsakanin Jos da Bauchi tun kafin a haife ni, ya bar tasha, amma bai bar titi ba. Kullum da uzurinsa: gaisuwar mutuwa a Toro, duba wani aboki a Tilden Fulani, sayo manjan da ba wanda ya aike shi. Idonsa ya fara yana, hannunsa na dama kuma in ya ɗauki kofin shayi sai rabi ya ƙare a ƙasa. Duk da haka, a ƙa'idarsa, direban da allurar malejinsa ba ta taɓa ɗari da ashirin ba gara ya je kasuwar Terminus ya tura baro. Motar kuwa tsohuwar wagon ce ƙirar Faransa mai giya huɗu, in ta kai wannan gudun sai ta riƙa kururuwa kamar injin markaɗe. Duk fitar da zai yi, abinci ba ya wuce wa Mama sai ta ji ƙarar motar a ƙofar gida.

Mama ta gwada lallashi. Yaya ya ce zai ɗaukar masa direba, Baba ya ce to a haɗa masa da wanda zai riƙa tauna masa tuwo. Ni na ɗauki ɓangaren faɗa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, yana kirana Uwata, ni kuma na riƙi muƙamin da gaske. Ga shi ni malamar lissafi ce a sakandare, na saba in yi magana a rubuta. Ban taɓa kayar da shi ba ko sau ɗaya. Sai Allah ya kawo mana agaji: giya lamba uku ta fara fita da kanta, lamba biyu ta bi sahu, wata safiya a hawan unguwarmu giyabos ya yi wani ƙara mai ban tsoro, daga nan ya yi shiru.

Murnarmu ba ta kwana uku ba, don mun manta da Oga. Oga bakanike ne, ɗan asalin nan kan dutse, dattijo a cocinsu, garejinsa na wani lungu a bayan Titin Bauchi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Shi ke gyara wa Baba mota tun suna samari. Lokutan da gari ya rikice, mutane suka daina shiga unguwannin juna, su biyun nan ba su fasa ba, saboda a ganinsu babu rikicin da ya kai a bar kulocin mota yana wari. Kowa Oga yake ce masa, har Baba. Mu 'ya'yan gida Kawu muke ce masa.

Oga ya kwance giyabos, ya leƙa, ya ce irinsa ya ƙare a kasuwa. Da labari ya iso gida na ji kamar in rangaɗa guɗa. Ashe bai gama magana ba. Da Hausarsa wadda ba ruwanta da raba mace da namiji, ya ce wa Baba, "Amma mota nan bai mutu ba, Alhaji. Akwai gawa biyu a baya. In mun haɗa da naka, za mu tayar da mutum ɗaya."

Gawa ta farko giyabos ne na wata a-kori-kura da ta ƙare rayuwarta tana jigilar dankali daga Bokkos. Ta biyu na wata ƙaramar mota ce ta gidan wani babban ma'aikaci, mai giya biyar. Duka 'yan gida ɗaya ne da motar Baba, shekarun ƙira ne suka bambanta. Dabarar ita ce a ɗauko lamba ɗaya da lamba biyu na a-kori-kura saboda ƙarfin hawa, a ɗauko kwanso da lamba biyar na ƙaramar motar don a yi gudu inji bai yi ihu ba, a cike da abin da ya tsira daga na Baba. Wato dai injiniyoyin da suka ƙera motocin nan duk shirme suka yi, aka jira tsofaffi biyu a gindin mangwaro su gyara musu. Ni lamba biyar ɗin nan ce ta hana ni sukuni. Mutumin da ke kai ɗari da ashirin da giya huɗu, shi za a ƙara wa ta biyar.

A mako na biyu, ranar Asabar, Baba ya ce in shirya in bi shi. "Uwata, bokon nan naki yau ranarsa ta zo."

Na tarar an shimfiɗa tsofaffin kwanon rufi guda uku a ƙasa, kowane da kayan cikin giyabos ɗaya, an wanke su tas da kananzir, an jera su bi da bi yadda aka ciro su. Akwai doka. Ba a tsallake kwano, ba a ɗaukar ƙarfe sai an ajiye murfin kwalba a gurbinsa. Wata kazar maƙwabta ta yi kuskuren takawa ta kan na a-kori-kura, Oga ya yi mata wa'azin da ban taɓa jin ya yi wa ɗan Adam ba.

Aikina shi ne ƙirga haƙora. Kowane faifan ƙarfe za a ɗiga wa haƙori ɗaya alli, a bi da farce ana ƙirgawa har a dawo kan allin. Baba ya ƙirga ya ce talatin da uku, Oga ya ƙirga ya ce talatin da biyu, a yi musu har a tono laifin wata taya da ta fashe tun ina goye, sannan a miƙo mini in raba gardama. In na gama sai in raba adadin wannan da na abokin cinsa a bayan wata tsohuwar kalanda, in faɗa musu sau nawa inji zai juya kafin sandar baya ta juya sau ɗaya. Oga ba ya yarda a ɗauki faifai a bar abokinsa. "Haƙori ba ya shiga da baƙo," in ji shi. "In ka ɗauko wannan, ɗauko wanda ya saba ci da shi. In ba haka ba wata ɗaya za su cinye juna." Abin haushin shi ne, duk amsar da na sha gumi na fitar, ya riga ya san ta da ido. In tawa ta zo daidai da tasa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Makaranta ya yi ƙoƙari."

Can Baba ya ce shi ma zai sa hannu, ya ɗauki sufana zai ɗaure wani noti. Sufana ta zame ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Oga ya ɗaga kai yana nazarin ganyen mangwaro kamar yau ya fara ganinsa, har Baba ya ajiye ya ce notin ne ba shi da kyau.

Da aka kira azahar Baba ya tafi masallaci, na matsa kusa da Oga.

"Kawu, don girman Allah ka ce masa abin ya gagara."

"Bai gagara ba now."

"Na sani. Ka dai faɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kina so in yi ƙarya a kan aikina? Tun da na riƙe sufana ban taɓa cewa ba zan iya abin da zan iya ba."

"To in ya kashe kansa a titi fa? Ko ya kashe 'ya'yan mutane?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Yarinya, in kun karɓe key nan, me zai tashi da safe ya yi?"

"Ya huta mana."

"Hutu," ya maimaita, kamar na ambaci sunan wata cuta. "Je ki, malama. Bar mini aikina."

Na koma gida ina huci, na gaya wa Mama cewa mun daɗe muna zargin shaiɗan a banza, ashe yana nan bayan Titin Bauchi sanye da rigar baƙin mai.

Aikin ya ja. An kai wata sandar ƙarfe Dilimi, wurin masu kayan mota, aka rage mata kauri. An haɗa, an kwance, an sake haɗawa. Da komai ya kammala kuma sai Oga ya ce saura wani ƙaramin abu, ya ƙara mako biyu yana sintiri a Dilimi. Baba ya tambaye shi mene ne, ya ce, "Small thing ne, Alhaji." Ni har na fara sa rai ko maganata ce ta shige shi. Ina! Wata Juma'a da safe sai ga mota a ƙofar gida, an wanke ta har da tayoyi.

Ranar gwaji Baba ya sa farin kaftani. Oga ya zauna a gaba, ni Mama ta tura ni baya a matsayin shaida, ko kuma dai don in an yi gawa a samu na gida a ciki. Gaskiya ɗaya ce, hawan unguwarmu da motar ta saba hawa tana tari, a lamba biyu ta haye shi ba ko gardama. Muka bi Titin Bauchi, muka wuce jami'a, muka bar cunkoson bas-bas da masu talla, hanya ta buɗe. Baba ya yi bisimilla ya tura lamba biyar. Inji ya yi laƙwas, sai iska kawai ake ji. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga allura tana hawa, ɗari, ɗari da goma, ta je ta zauna a kan ɗari da ashirin. Na runtse ido na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Ina jin motoci suna wuce mu fuu, ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce, "Oga, ka ga yaran yanzu? Wannan ai ɗari da sittin yake yi. Ba sa tsoron Allah."

"Ba sa tsoro, Alhaji," in ji Oga.

Haka aka shafe kusan shekara. Baba ya fita, Baba ya dawo, ko ƙwarzane babu a jikin mota. Mama ta koma cin abinci a kan lokaci ba tare da ta lura ba. A bakin layinmu akwai majalisar tsofaffin direbobi, benci biyu a gaban mai shayi, inda suke taruwa bayan la'asar su tuƙa motocin da suka daɗe da zama gwangwani. A nan labarin giyabos ya yi ta ƙiba. Baba kaɗai ne a cikinsu yake riƙe da sitiyari har lokacin, kuma bai bar kowa ya manta ba.

Wata rana ya kai ni Toro gaisuwa. Ina zaune a gaba, na buɗe taswirar waya don in ga saura nawa mu isa in huta da fargaba. A gefen taswirar akwai ɗan adadi da ke nuna gudun mota. Tamanin da biyar. Na dubi allura, ɗari da ashirin. Na kashe wayar na kunna, tamanin da biyar dai. A dawowa na duba agogo, na raba nisa da lokaci, waya ta yi gaskiya. Sai na tuna wani ɗan faifan roba mai haƙora da na gani a wutsiyar giyabos, wanda ke juya allurar maleji. In haƙoransa ba su dace da motar ba, allura ƙarya za ta yi ta zubawa. An kwaso kaya daga gawa uku, dole wani abu ya kauce.

Mai hankali da ya gano haka sai ya yi hamdala ya ja bakinsa. Ni ba hamdala na yi ba. Wani daɗi na ji, irin na malamar da ta kama kuskure a takardar ɗalibin da ya raina ta. Oga mai sanin amsa da ido, ga shi ya faɗi a ɗan faifan roba. Na ajiye abin a raina ina lallaɓa shi, ina jiran ranar amfaninsa.

Ba ta yi nisa ba. Ina dawowa daga makaranta, na rusuna na gaida majalisa zan wuce, Baba ya tsayar da ni.

"Yauwa, ga shaida. Uwata, faɗa musu nawa muka yi ran nan a hanyar Toro." Ya juya wajen abokansa. "Ita ce fa shugabar masu cewa a karɓe mini makulli, wai na tsufa. Boko ya ba ta lissafi, ya riƙe hankalin."

Aka yi dariya. Wasa yake yi, irin wanda ya saba yi mini tun ina ƙarama, kuma na san wasa ne. Amma na kwaso gajiyar aji uku, ga rana, ga tsofaffi takwas suna yi mini dariya.

Na ce, "Tamanin da biyar, Baba."

"Me?"

"Tamanin da biyar muka yi. Malejin ƙarya yake yi."

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai da na ciro waya, na yi bayani dalla-dalla, da nisa da lokaci da faifan roba, har ina tambaya ko an gane. An gane kuwa. Wani tsoho da suka yi shekaru suna rigegeniyar lodi da Baba a tasha ya buga cinya ya ce, "Ashe shi ya sa nake ganin masu keke suna yi maka hon! Sannu Alhaji Tamanin da Biyar!" Majalisa ta kece, har mai shayi. Baba ma ya yi 'yar dariya. Ya ɗauki kofinsa da hannu biyu ya kurɓa.

Washegari, don kada nasarar ta tsaya rabi, na biya gareji in sanar da Oga kuskurensa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya shiga rumfa ya fito da wani gwangwanin madara, ya juye a tafin hannunsa. 'Yan faya-fayan roba ne guda biyar, kowane da launinsa.

"Mistake?" ya ce. "Sati biyu ina yawo a Dilimi ina neman wanda zai yi ƙarya daidai. Wannan, ƙaryarsa ya yi kaɗan. Wannan ya yi yawa, ko makaho zai gane. Na sa, na cire, na sa, na cire, sai da na samu na tsakiya." Ya tsaya yana kallona. "Kin faɗa masa?"

Na ce eh.

"Ku biyu kaɗai?"

Na ce a gaban majalisa ne.

Ya mayar da su gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. "Ke kin ce in yi ƙarya in hana shi mota. Ni na yi wanda zai bar shi da mota, ya dawo wa mamanku da rai. Well done, malama. Kin ci jarrabawa."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da Baba a tsakar gida yana goge gilashin mota da tsohuwar hula. Na durƙusa na fara kame-kame, ina cewa ai Kawu ne ya shirya abin, da kyakkyawar niyya ya yi, kada ya ga laifinsa.

"Uwata," ya ce, bai daina gogewa ba, "hanyar Bauchi sau nawa kike jin na bi ta? Direba da bayansa yake jin gudu, ba da allura ba. Tun ranar gwaji na sani, kafin mu kai Naraguta."

Na ɗago na dube shi.

"Tun da na fara ganin rami sai na zo kansa, na san ɗari da ashirin ta fi ƙarfina. To wa zan gaya wa? Ke? Oga bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Allura tana faɗin abin da zan faɗa a majalisa, ƙafata tana yin abin da idona zai iya. Kowa ya zauna lafiya."

Na ce to ai ba abin da ya canja, ya ci gaba da tuƙinsa a haka, tamanin da biyar ɗin ma ai gudu ne. Ni ce nake wannan roƙon, ni da na yi shekara biyu ina haƙilon a ƙwace makulli.

Ya girgiza kai. "In na fita yanzu, duk wanda ya wuce ni ya san dalili, ni ma na san ya sani. In kuma zuciya ta ɗebe ni in nuna musu, ke kin san inda za a tsinto ni." Ya laluba aljihun kaftaninsa ya ciro makullin, ya kamo hannuna ya sa a ciki, ya naɗe yatsuna a kai. "Ungo. Ki kira yayanki ki ce an samu abin da ake nema."

Na yi kuka, na ba shi haƙuri, na ajiye makullin a kan tabarmar sallarsa, ya aiko Mama ta dawo mini da shi. Na roƙi Oga ya zo ya yi masa magana. Ya zo ranar Lahadi bayan coci, suka zauna awa biyu suna hirar farashin taya, ba wanda ya ambaci maleji. Yaya ya bugo yana yi mini barka, wai ya san ni kaɗai zan iya. Ban taɓa jin kunyar yabo irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji na tsani bakina.

Baba bai sake tuƙi ba, majalisar ma ya daina zuwa. Ranar Litinin ɗin farko, da misalin ƙarfe bakwai, lokacin da ya saba fita ya ɗumama inji, na fito da jakata zan tafi makaranta. Na same shi zaune a kan benci a ƙofar gida, ya yi wanka, ya sa kaftani da hula da takalmi sau ciki, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na gaishe shi, na tambaye shi ina zuwa da sassafe haka.

Ya ce, "Babu ko'ina, Uwata. Hutawa nake yi."